Kayan Ciki na Busasshiyar Rigar Nutso: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Shirin Dogon Nutso a Kogo

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga masu nutso 'yan Arewa mazauna Legas. Wasu aikinsu ke nan a ƙarƙashin jiragen ruwa a Apapa ko a wuraren haƙar mai, wasu kuma sha'awa ce ta sa suka fara a wajen Tarkwa Bay, yanzu suna shirin fita waje koyon nutson kogo. Duk inda aka ce "rigar waje" a nan, ana nufin busasshiyar rigar nutso, wato diraisut. "Kayan ciki" kuwa su ne abin da ake sawa a ƙarƙashinta.

Malam, tunda rigar ba ta barin ruwa ya taɓa jiki, me ya sa sai na sake kashe kuɗi a kan abin da ke ƙarƙashinta?

Domin aikin rigar waje guda ɗaya ne, ta tare ruwa. Irin wadda yawancin masu shiga kogo ke sawa, mai falle uku, siririya ce, ba ta riƙe ɗumi ko kaɗan. Ɗumin yana cikin iskar da ta kwanta tsakanin fatarka da rigar, kayan ciki ne kuma ke hana iskar nan yawo. Ka lura da kaza da sanyin safiyar hunturu, yadda take buɗa gashinta ta yi ƙatuwa: iska take tarawa a jikinta. Haka kayan ciki suke aiki. Ruwa yana ɗauke zafi kusan sau 25 fiye da iska, saboda haka duk wurin da iskar ta gudu rigar ta manne da jiki, nan sanyi zai fara shiga.

Matsin ruwa kuwa ba ya daina ƙoƙarin korar iskar. A zurfin mita 10 matsi ya ninka na doron ƙasa, a mita 30 ya zama ninki huɗu. Kana ƙara iska a rigar yayin da kake sauka, amma mai nutson kogo a kwance yake tafiya rub da ciki, iskar duk ta taru a bayansa, ƙirji da ciki da cinyoyi su ne a matse. Shi ya sa kaurin da ka gani a shago bai isa shaida ba. Matsa yadin tsakanin yatsu biyu da ƙarfi ka ga abin da ya rage, wannan ne zai tsaya tsakanin ƙirjinka da ruwa.

Mu da muka saba da ruwan Legas, wane irin sanyi za mu tarar?

Tekun Legas yakan kasance tsakanin digiri 26 da 29 a ma'aunin Salshiyas, ya ɗan sauka wajen watan Agusta. Kogwannin Yukatan a Meziko, irin na kewayen Tulum, suna wajen digiri 24 zuwa 25. Na arewacin Filorida a Amurka, kamar Ginnie Springs da Peacock Springs, digiri 21 zuwa 22 duk shekara. Kogon Chinhoyi na Zimbabuwe shi ma wajen 22. Na yankin Lot a Faransa, irin su Ressel, digiri 12 zuwa 14. Plura a Nowe kuwa 'yan digiri kaɗan ne sama da ƙanƙara.

Mutum zai ji 22 ya ce ai wannan sanyin na'urar ofis ne. A cikin ruwa ba haka abin yake ba. Minti 40 na farko lafiya lau. Bayan awa biyu da rabi, kana rataye a mita 6 ba motsi kana jiran zangon sauke iska (tsayawar da ake yi kafin fitowa don jiki ya saki naitirojin da ya kwasa) ya cika, sai haƙora su fara haɗuwa. Ko ruwanmu na nan yana cin mutum idan zama ya yi tsawo. Harrison Okene, mai dafa abincin jirgin Jascon-4 da ya kife a tekun Nijeriya a watan Mayun 2013, ya yi kusan awa 60 a ƙuryar da iska ta maƙale a zurfin mita 30, kuma sai da ya haɗa abin hawa ya ɗaga jikinsa daga ruwan saboda sanyi.

Saboda haka awar ƙarshe ta nutso ake yi wa sayayya, lokacin da ka gaji, ka daina motsi, kayanka kuma sun ɗan yi danshi.

Wane yadi ya fi: Thinsulate, filis ko ulu?

Kowanne da wurinsa, amma don dogon nutso a kogo Thinsulate ne a gaba. Kamfanin 3M ke yin sa, kuma nau'in da ake kira B, wanda aka danne tun daga masana'anta, shi ne ke jure matsi. Ana auna shi da nauyin giram a murabba'in mita: 200 ko 400 su ne aka fi gani, kamar a BZ200 da BZ400 na kamfanin Santi. Zarensa ba ya son ruwa, don haka ko rigar waje ta yi yoyo yana riƙe wani kaso na ɗumi. A kogo wannan babban abu ne, domin in ruwa ya shiga maka a can ƙurya, tafiyar da ka yi zuwa ciki ita za ka sake yi zuwa waje, ga kuma zangon sauke iska yana jiranka a bakin kogo. Aibinsa shi ne ba ya miƙewa, sai in an saka masa roba a kafaɗa da ƙugu, ga shi da wuyar sha'ani wajen wanki.

Filis, wato yadin roba mai laushi na rigar sanyi, irin Polartec ko wanda kamfanin Fourth Element ke yin kayansa na Arctic da shi, yana miƙewa, yana bin jiki, yana wankuwa cikin sauƙi, yana bushewa da wuri. Ga ruwan Meziko da Filorida ya wadatar da mutane da yawa. Akwai kuma irin masu kumburi kamar bargon zamani, irin na kamfanin Weezle. Suna da ɗumi matuƙar ka cika rigar da iska, to amma iska mai yawa a riga ita ce ke wahalar da daidaiton jiki a ƙaramin rami, shi ya sa ba mu cika ba da shawararsu ga mai shiga kogo ba.

Ulun merino ya fi dacewa da falle na farko, wanda ke manne da fata.

To singiletina da gajeren wandon da na saba sawa fa?

In na auduga ne, a bar su a jaka. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi a jikin fata, ba ta sakewa. Falle na farko ya zama na foliyesta ko merino, mai dogon hannu da dogon wando, ya kama jiki ɗas, ya janye gumi ya miƙa shi waje. Wannan ya haɗa har da kamfai. A nan ba sai an yi odar komai daga waje ba: a kasuwar gwanjo ta Katanguwa ko Yaba ana samun rigunan 'yan wasan guje-guje da na masu hawan dusar ƙanƙara a farashi mai sauƙi. Duba takardar da ke wuyan rigar ko gefenta, in ka ga an haɗa da auduga, ajiye. Ka guji mai ƙaton zif ko maɓalli a ƙirji, domin matsi zai buga maka shatinsa a fata.

Ku ba ni lissafi kai tsaye: kauri nawa ga ruwa mai digiri nawa?

Ga inda za ka fara, in rigar wajenka mai falle uku ce kuma nutson zai kai awa biyu zuwa uku. A digiri 24 zuwa 25, falle na farko da siririn filis. A 21 zuwa 22, falle na farko da filis mai kauri ko Thinsulate 200. A 12 zuwa 14, Thinsulate 400 da falle na farko mai kyau da busasshiyar safar hannu. Ƙasa da digiri 7, 400 ɗin nan da ƙarin falmaran a ƙirji, yawanci har da mai ɗumama da batir.

Jadawalin kauri da kamfanin kaya ya buga bai san tsawon nutsonka ba, bai kuma san jikinka ba. Siririn mutum ya fi mai jiki saurin jin sanyi. Wanda injin ja ke jansa ba ya motsa ƙafa, sanyi ya fi kama shi fiye da mai iyo. Mai shaƙa kai tsaye daga silinda yana shan busasshiyar iska mai sanyi, huhunsa na ɗumama ta yana fitarwa, alhali mai na'urar maimaita numfashi iska mai ɗumi da danshi yake shaƙa. Kuma wanda ya fito daga zafin Agege ko Mile 12 shekaranjiya kada ya kwaikwayi kayan malaminsa da ke shiga ruwan nan kullum. In kana shakka tsakanin kauri biyu, ɗauki na sama, muddin rigar wajen za ta ɗauke shi.

Me ya sa ake cewa tara falle da yawa na iya ƙara sanyi?

Saboda rigar waje ba ta faɗaɗa. In ka cusa falle huɗu a rigar da aka yanka don biyu, duk sun danne juna, iskar ta fita, jini kuma ya kasa zagayawa sosai a hammata da bayan gwiwa. An fi ganin wannan a ƙafa: safa uku cikin takalmin da ya matse, yatsu su mutu cikin rabin awa. Siririyar safa ɗaya da mai kauri ɗaya, a takalmin da yatsu ke motsi a ciki, sun fi.

Yallaɓai, odar zan yi daga waje. Yaya zan tabbatar zai yi mini daidai?

Sauke takardar awo ta kamfanin da za ka saya a wurinsa, ka kai wa tela ya auna ka da tef yadda takardar ta nuna, a santimita. Kada ka auna kanka, kada kuma telan ya ƙara maka "sakin jiki" irin na kaftani. Awon da aka fi kuskurewa shi ne zagayen gangar jiki, daga kafaɗa ya bi ta tsakanin cinyoyi ya dawo kafaɗa. In ya gaza, kayan za su riƙe ka duk lokacin da ka ɗaga hannu. In za ka yi odar rigar waje a lokaci ɗaya, gaya musu kayan ciki mafi kauri da za ka sa a ƙarƙashinta.

Da kaya sun iso, sa su duka biyun a ɗaki mai sanyi, ka ja zif. Durƙusa. Ɗaga gwiwa ɗaya zuwa ƙirji kamar za ka sa takalmin iyo. Rungume kanka har hannuwa su taɓa bayan kafaɗu. Sai gwaji mafi girma: kai hannu bayan wuyanka inda bawul ɗin tagwayen silinda suke. Mai nutson kogo dole ya iya rufe bawul ɗinsa da kansa in iska ta ɓalle, kuma da hannu biyun. Kayan da suka hana ka wannan ba naka ba ne, komai ɗuminsu, mayar da su ko ka sayar. Bayan haka a shiga kwamin iyo da cikakkun kaya a maimaita. A Legas a yi wannan gwajin da sassafe, a ja zif daf da shiga ruwa, domin minti goma a rana cikin Thinsulate 400 na iya sa mutum jiri ya faɗi.

Na canza kayan ciki sai na kasa tsayawa a mita 3. Me ya faru?

Kayan da suka fi kauri sun fi riƙe iska, kuma kowace lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya. Daga 200 zuwa 400 yawanci ana ƙara darmar da ake ɗaurawa don nauyi kilo 2 zuwa 4. Ga kuma nauyin iskar da ka shaƙe: tagwayen silinda masu lita 12 a matsin bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) suna ɗauke da iska kusan kilo 6, wanda ba ya nan a ƙarshen nutso. Don haka ana gwada nauyi ne da silinda da suka kusa ƙarewa, wajen bar 30 zuwa 50, a mita 3, jakar iska ta baya da ke ɗaga mai nutso babu komai a ciki, rigar kuma da iskar da ta isa ta sake ka. Kuskuren da aka fi yi shi ne rage darma don a ji sauƙi, sai a ƙarshe mutum ya matse rigarsa ƙam don kada ya taso, ya kashe ɗumin kayan a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Yawancin kogwanni ruwan daɗi ne, saboda haka gwajin kwamin iyo ya fi na teku kusa da gaskiya. Bambancin ruwan gishiri da na daɗi kusan kashi 2.5 cikin 100 ne na nauyinka da kayanka gaba ɗaya, wato wajen kilo 3 ga mai kilo 120.

Akwai wani dalilin kuma. Bawul ɗin fitar da iska yana kan damtsen hagu, kuma yadin nailan mai santsi na iya manne a bayansa ya toshe shi. Ka ɗaga kafaɗa, iska ta ƙi fita, ka nufi rufin kogo. Nemi kayan da ke da raga ko ƙananan huji a daidai wurin. Sabon filis kuma yana zubar da gashi ya maƙale a bawul ɗin ya sa shi yoyo, a wanke shi kafin sawar farko.

Kullum ina fitowa da danshi. Yoyo ne ko gumi?

Dubi inda danshin yake. In ya bazu ko'ina a bayan kayan ciki da cikin rigar waje, fatarka kuma a bushe, wannan tururin jikinka ne ya koma ruwa a kan riga mai sanyi, kayan suna aikinsu. In wuri ɗaya ne ya jiƙe sharkaf har fata, yoyo ne. Hannun riga da ya jiƙe daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, sau da yawa igiyar babban yatsa ce aka manta a ƙarƙashin robar hannu: ana saƙala ta a yatsa don hannun kayan ciki kada ya naɗe wajen sa riga, in ba a tura ta ciki ba sai ta riƙa jawo ruwa a hankali. Ƙirji da ya jiƙe daga sama, duba ko wuyan kayan ciki ko gashi ya shiga ƙarƙashin robar wuya. Masu jijiyoyin wuyan hannu da suka fito fili su ɗan ja robar sama, domin duk lokacin da suka damƙe abu da ƙarfi hanya na buɗewa.

Riga mai ɗumama da batir ba ta raba gardama ba?

Tana taimakawa ƙwarai, amma tana da sharuɗɗa. Na farko, kayan cikinka su isa su fito da kai ko da batir ya mutu. Na biyu, batir ya zauna a waje cikin gwangwaninsa, waya ta shiga ta mahaɗa a jikin riga, yadda za ka iya kashewa ko cire ta nan take. Batirin litiyam a cikin riga, inda hannu ba ya kaiwa, haɗari ne.

Na uku shi ne lokacin kunnawa. A 2007 sashen gwajin nutso na sojojin ruwan Amurka da ke Panama City a Filorida ya fitar da sakamakon gwaji a zurfin kusan mita 37, da ruwa iri biyu, mai digiri 36 da mai digiri 27. Waɗanda suka ji ɗumi a can zurfi sannan suka ji sanyi wajen sauke iska su ne ciwon kumfar jini (naitirojin ya yi kumfa a jiki bayan nutso) ya fi kamawa, waɗanda aka juya musu tsarin kuma su ne suka fi tsira. Dalili a fili yake: jiki mai ɗumi yana kwasar naitirojin da sauri, jiki mai sanyi yana sakinsa a hankali. (A lura, ruwan da suka kira mai sanyi a gwajin nan daidai yake da na tekun Legas.) Don haka a bar rigar mai ɗumama a kashe ko a ƙasa-ƙasa lokacin shiga, a kunna a hanyar fita da zangon sauke iska. Wanda ya kunna tun farko batir ya ƙare masa a zango, ya haɗa wa kansa tsari mafi muni da hannunsa.

Lissafin batir ba wuya. Falmaran mai cin wat 55 a kan batir mai wat-awa 100 ba zai cika awa biyu ba. Kuma kafin ka nufi filin jirgin Murtala Muhammed, ka sani batirin litiyam har wat-awa 100 a jakar hannu ake ɗaukarsa, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, sama da haka ba a yarda fasinja ya ɗauka ba.

Hura riga da gas ɗin agon maimakon iska fa, ya cancanci wahalarsa?

Abin da ba a jayayya a kai shi ne kada a hura riga da iskar da ke da hiliyam, domin hiliyam na ɗauke zafi kusan sau shida fiye da iska. Mai shaƙar tirimis, wato haɗin oksijin da naitirojin da hiliyam, dole ya rataya ƙaramar silinda daban don riga. Agon ya fi iska riƙe ɗumi da kusan kashi ɗaya cikin uku a lissafi, amma sai an cika rigar an fitar sau biyu ko uku kafin shiga ruwa, in ba haka ba iskar da ke cikin yadin ce za ta rinjaya. A ruwan digiri 22 iska zalla ta isa.

Ranka ya daɗe, maganar fitsari fa? Ga kuma sallah.

Zama cikin ruwa da sanyi duk suna sa ƙoda ta ƙara aiki, ba yadda za a yi mutum ya yi awa uku bai ji fitsari ba. Kada a ƙi shan ruwa don gudun haka, ƙarancin ruwa a jiki ba abokin mai sauke iska ba ne. Ana saka wa rigar waje bawul ɗin fitsari a cinya, da tiyo da ke haɗuwa da robar da maza ke mannawa. Mata suna da tasu, irin She-P, ko kuma a sa ƙunzugun manya. Abin dubawa a kayan ciki shi ne zif mai buɗewa ta sama da ta ƙasa, da huji a cinya inda tiyon zai bi ba tare da ya lanƙwashe ba. Tiyon da ya lanƙwashe shi ke ɓalle roba ya jiƙa kaya. A wanke tiyon bayan kowane nutso da ruwan da aka sa wa ɗan binega, don gudun cutar mafitsara.

Ta fannin ibada, a tsara nutso tsakanin lokutan sallah, a yi sallah kafin a shiga kaya, a kuma riƙe kayan sallah daban a jaka da butar ruwa. Falle na farko ya zama biyu ko uku, don a samu na canzawa in najasa ta taɓa ɗaya.

Ina cikin kogo na fara rawar ɗari. In daure?

A'a. Ɗaga wa abokin nutsonka babban yatsa ku juya. Alamar farko ma takan riga rawar ɗari zuwa: yatsu su kasa buɗe maƙalar ƙarfe, ko ɗaura alama a zaren jagora ya ɗauke ka lokaci fiye da yadda ka saba. Mai jin sanyi yana shan iska da yawa, lissafin kashi uku da aka yi a bakin ruwa (kashi ɗaya na iska don shiga, ɗaya don fita, ɗaya na ajiya) ya fara ɓaci, tunani kuma ya yi nauyi. Hular roba mai milimita 5 a ruwan digiri 20 zuwa sama, 7 ko fiye a mai sanyi, da cin abinci sosai kafin shiga, suna jinkirta wannan. Bayan fitowa a sa busassun kaya a sha shayi, a jinkirta wanka da ruwan zafi da ɗaukar silinda masu nauyi.

Yaya zan wanke su in adana su a danshin Legas?

Falle na farko a wanke shi kullum, shi ne ke kare na biyu daga gumi. Thinsulate kuwa a rage wanke shi iyakar iyawa, in ya zama dole a yi da ruwa mara zafi da sabulu kaɗan ƙwarai, a ɗauraye sau biyu ko uku, domin ragowar sabulu na sa zaren ya koma shan ruwa. Ban da bilic, ban da ruwan tausasa kaya. Kada a ba mai wanki da guga ba tare da an ja masa kunne ba, dutsen guga yana narkar da zaren ya mayar da shi falle ɗaya.

A shanya a inuwa gaban fanka, a juya ciki waje, sai ya bushe ƙarau har cikin aljihu da hammata. Da damina wannan na iya ɗaukar kwana biyu, kuma kayan da aka naɗe da ɗan danshi a Legas cikin mako guda sun yi fumfuna. A rataye shi a faffaɗan maratayi, kada a danne shi a ƙasan akwati wata da watanni, kaurinsa ba ya dawowa duka. Rigar wajen kuma a nisanta ta da ɗakin janareto, domin hayaƙi da tururin fetur da zafi suna cinye robar wuya da ta hannu, ta yi danƙo ta tsage ranar da aka zo sawa.